Tarihin Alhaji Abubakar Imam, Mai Alƙalamin Hausa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ga tarihin Alhaji Abubakar Imam, Allah ya jiƙansa.

An haife shi a Kagara a shekarar 1911, a gidan malamai. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, kana ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina. Ya ji Turanci sarai, kuma a zamanin nan Turanci shi ne tsanin samun girma wajen Nasara. Amma da ya ɗauki alƙalami sai ya zaɓi Hausa. Ya wallafa Ruwan Bagaja a 1934, sannan Magana Jari Ce, littafi uku, inda ya ɗebo hikayoyin Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu riga da rawani har suka zama 'yan gida. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. A 1943 ya tafi Ingila, ya gana da Lugga, ya faɗa masa koke-koken Arewa.

Ku lura, kowane mai mulki da dabararsa. A ƙasar Yukren, Sarkin Rasha ya hana buga littattafai da harshen mutanen ƙasar a 1876. Nasara kuwa ba su hana Hausa ba, rubutunta suka sauya, suka sa boko gaba, ajami baya. Da bokon nan Imam ya ɗaukaka Hausa, mun gode masa ƙwarai. Sai dai mu masu allo a Daura, da yawanmu da kunne muka san littattafansa, ɗan makaranta na karantawa muna saurare.

Ya rasu a Zariya a 1981. Allah ya haskaka kabarinsa, amin.