Robert Noble (1910–1990): Likitan da Ya Fita Neman Maganin Sukari Ya Dawo da na Sankara

A farfajiyar asibitoci da makarantu da gidajen ma'aikata a biranen Nijeriya akan ga wata 'yar gajeriyar shuka mai koren ganye mai sheƙi, da fure mai kunnuwa biyar, wani fari wani ruwan hoda. Don ado ake dasa ta. Masana tsirrai suna kiran ta Catharanthus roseus, a da kuwa Vinca rosea, kuma asalinta tsibirin Madagaska ne. Daga ganyenta aka samo vinblastin da vinkiristin, magungunan sankara biyu da har yau suke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Mutumin da na farkon ya fito daga ɗakin bincikensa shi ne Robert Laing Noble, likita ɗan ƙasar Kanada.

An haife shi a Toronto a shekarar 1910, a gidan likita. Ya kammala karatun likitanci a Jami'ar Toronto a 1934, ya wuce Landan inda ya sami digirin digirgir a 1937, yana nazarin sinadaran hormon. Da ya koma gida sai ya shiga aiki a Jami'ar McGill ƙarƙashin James Collip, wanda ya tace insulin har ya zamo abin da za a iya yi wa ɗan'adam allura da shi. Shekarun Yaƙin Duniya na Biyu sun tafi a kan bukatun soja, irin su jirin da ke kama mutane a jirgin ruwa da halin da jiki ke shiga bayan mummunan rauni. A 1947 Collip ya koma Jami'ar Yammacin Ontariyo, Noble ya bi shi ya zama mataimakinsa.

Akwai wani tsohon tabo a gidansu game da insulin. A 1921 aka ba Frederick Banting ɗalibai biyu su taimaka masa, Charles Best da Clark Noble, yayan Robert. Suka jefa kwabo don sanin wanda zai fara. Best ya ci, ya kuma zauna har ƙarshen aikin, sunansa ya shiga tarihi. Clark ya zama likita a Toronto, amma zuciyarsa ba ta bar ciwon sukari ba. A 1952 wata ambulan ta zo masa daga Jamaika, daga wani likita mai suna C. D. Johnston, ɗauke da ganye 25 da bayanin cewa mutanen tsibirin suna dafa shi su sha don ciwon sukari. Clark ba shi da ɗakin gwaje-gwaje, sai ya miƙa wa ƙanensa.

Ba a yi kuskuren hannu ba. Robert Noble yana cikin 'yan tsirarun masanan zamaninsa da ba su raina maganin gargajiya ba. Tun kafin lokacin ya yi aiki a kan wani tsiro da 'yan asalin yammacin Amurka suke sha don hana ɗaukar ciki. Aka ɗura wa dabbobin gwaji ruwan ganyen, sukarin jininsu bai motsa ba. Da'awar da ta kawo ganyen ta faɗi ke nan, kuma da yawa a nan za su tsaya. Shi kuwa sai ya sauya hanya, ya sa a yi wa ɓeraye allurar ruwan maimakon ɗura. Cikin 'yan kwanaki suka mutu, jikinsu duk ƙuraje masu mugunya, sakamakon wata ƙwayar cuta da lafiyayyen ɓera kan kawar ba tare da wahala ba. Tambayar da ta buɗe ƙofa ita ce: me ya karya garkuwar jikinsu? Ƙidayar jini ta nuna fararen ƙwayoyin jini sun zube ƙasa warwas, ɓargon da ke samar da su ya daina aiki. Wata ma'aikaciyar ɗakin 'yar asalin Foland, Halina Robinson, ita ta lura da hakan a ƙididdigarta, ko da yake sunanta bai fito cikin marubutan rahoton ba.

Daga nan lissafin a fili yake. Sankarar jini ba komai ba ce illa fararen ƙwayoyin jini da suke hayayyafa ba linzami; abin da ya iya rage su a lafiyayyen jiki yana iya yi musu birki a marar lafiya. Sai dai fahimtar hakan daban, fito da sinadarin daban. Shukar na ɗauke da alkaloyid sama da 100, wato dangin sinadaran tsirrai masu naitirojin, yawancinsu masu ɗaci, waɗanda kwinin da nikotin na taba suke cikinsu. Wanda ake nema kuwa kaɗan ne ƙwarai: sai an tace ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a sami giram ɗaya. Wannan aiki ya faɗa kan Charles Beer, masanin kimiyyar sinadarai daga Ingila, wanda ya iso ɗakin a 1954. Shekara huɗu yana rarraba ruwan ganyen kashi-kashi, ana gwada kowane kashi a kan ɓeraye, har ya ware sinadarin tsantsa a 1958. Suka raɗa masa suna vinkalukobilastin, daga baya aka taƙaita.

A wannan shekarar suka gabatar da sakamakon a wani taron masana a New York, kuma taken takardar tasu ya fito fili ya amsa rawar da katari ya taka. Wannan gaskiya abar yabo ce, amma ta sa ana ba da labarin kamar tsintuwa ce a hanya. Ba haka ba ne. Katari ya kashe ɓerayen, amma ba shi ya ƙirga ƙwayoyin jininsu ba, ba shi ya yi shekaru yana tacewa ba. Akwai kuma abin lura a nan ga masu nazarin magungunan gargajiya, waɗanda sau da yawa aikinsu kan ƙare da tabbatar da abin da mai magani ya faɗa. Mutanen Jamaika sun yi daidai da suka gane ganyen yana da ƙarfi, sun kuma kuskure cutar. Da Noble ya ɗauki maganarsu hukunci, ko ya yi watsi da ita dungurungum, da ba a kai ga komai ba.

A taron ne suka gano ba su kaɗai ke kan shukar ba. Kamfanin Eli Lilly na Amurka, bisa labarin yadda ake amfani da ita a Filifin, shi ma don sukari, ya riga ya ga tasirinta a kan sankarar jinin ɓeraye, ta hannun Gordon Svoboda da Irving Johnson. Ɓangarorin biyu suka haɗa kai. A 1959 aka fara gwada maganin ga marasa lafiya a Asibitin Gimbiya Margaret da ke Toronto, ya kuma nuna amfani musamman a cutar Hodgkin, sankarar kaluluwa. Svoboda ya ware vinkiristin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1963. Daga baya aka gane yadda suke aiki: suna manne wa furotin mai suna tubulin, wanda da shi ƙwayar halitta ke saƙa zaren da ke raba kayan gadonta gida biyu. Zaren bai saƙu ba, rabuwa ta tsaya, ƙwayar ta mutu. Da yake lafiyayyun ƙwayoyi ma suna rabuwa, gubar maganin ba ta da nisa da amfaninsa, shi ya sa shan dafaffen ganyen ba magani ba ne, haɗari ne.

Vinkiristin, haɗe da wasu magunguna, yana cikin abin da ya mayar da sankarar jinin yara daga hukuncin kisa zuwa cutar da kusan tara cikin goma ke tsira daga gare ta a ƙasashe masu hali. A Afirka ma yana cikin magungunan sankarar Burkitt, wadda kan kumbura muƙamuƙin yara a yankunan zazzaɓin cizon sauro, Nijeriya ciki. Ribar cinikin kuwa kamfanin ya kwashe. Madagaska da Jamaika ba su da kaso, lamarin da ya sa shukar ta zama misalin da ake yawan kawowa a muhawarar haƙƙin ƙasashe kan albarkatun tsirransu.

Noble bai yi zaman cin sunan da ya yi ba. A 1960 ya koma Jami'ar British Columbia a Bankuba, ya shugabanci cibiyar binciken sankara, ya koma kan tsohuwar sha'awarsa, wato alaƙar hormon da sankara. A can ya raini wani jinsin ɓerayen gwaji da ake kira Nb, daga sunansa, wanda masu binciken sankarar nono da ta mafitsara ta maza suka ci gaba da amfani da shi. An ba shi lambar girmamawa ta ƙasar Kanada a 1988, ya rasu a watan Disamba na 1990 yana da shekara 80. A 1997 aka shigar da sunansa zauren fitattun masana lafiya na Kanada, tare da na Charles Beer.