Nana Asma'u 'Yar Shehu, Wadda Ta Ɗaure Karatu da Igiyar Waƙa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta. Bayan haka, wannan labarin Nana Asma'u ne, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙan su, da irin dabarar da ta yi har karatu ya zauna a zukatan mutanen da ba su taɓa riƙe allo ba.

An haife ta a Degel wajen shekarar 1793, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Sunan mahaifiyarsu Maimuna. Gidan da ta tashi gida ne na harsuna: Fillanci a tsakar gida, Larabci a littafi, Hausa a wurin wa'azi da kasuwa, ga kuma Buzaye suna shiga suna fita. Duk huɗun ta iya su, ta kuma haddace Alƙur'ani. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta sha yunwa da gudun yaƙi tare da jama'a. Daga baya aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

To, da aka ci Alƙalawa a 1808, aka kafa Sakkwato, sai wata matsala ta taso wadda takobi ba ya maganinta. Mata da yawa sun shigo ƙarƙashin daula, waɗansu kamammun yaƙi, waɗansu mazauna ƙauye, ba su jin Larabci, ba su jin Fillanci, abin da suka gada kuwa bori ne. Su ne za su goyi 'ya'yan gobe. Littattafan Shehu da na ƙanensa Abdullahi suna nan jibge, amma littafin da ke cikin gafaka ba ya yi wa mace mai daka magana. In ba a sami hanyar da ilmi zai shiga kunnensu ya zauna ba, abin da aka zubar da jini dominsa zai tsaya a zauren malamai kaɗai.

A nan hankalin Nana ya bayyana. Ta lura da abu biyu game da zuciyar ɗan Adam, waɗanda kowane malamin tsangaya ya san su a aikace ko da bai taɓa ba su suna ba.

Na farko, zuciya tana riƙe magana mai awo fiye da magana sake. Zance in an zuba shi kamar hatsi a ƙasa, iska ta kwashe rabi kafin gari ya waye. Amma in an auna shi da ma'aunin waƙa, aka ƙulle ƙarshen kowane baiti da ƙafiya ɗaya, to, kalma ba ta da wurin gudu. In ɗaya ta faɗi, kunne zai ji giɓi, kamar yadda mai saƙa ke jin zare ya tsinke tun bai duba ba; kuma awon da ƙafiyar za su rage kalmomin da za su iya cike giɓin, har mai tunawa ya laluɓo ta gaskiyar. Ƙarshen baiti kuma shi ke kiran farkon na gaba. Alarammomin ƙasar Gumel, masu ilmin harji, da ke ƙididdige sau nawa kalma kaza ta zo a cikin Alƙur'ani da inda ta zo, su ma turaku su ke kafa wa hadda don kada ta ɓalle. Gumel dai ba ta karɓi tutar Sakkwato ba, Barno ta bi, amma zuciyar almajiri iri ɗaya ce gabas da yamma.

Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi, hadda daban, fahimta daban. Yaro kolo ya kan biya sura sumul bai san abin da ta ce ba, ladansa yana nan, amma ba zai gyara alwalarsa da ita ba tukuna. Ma'ana ba ta sauka sai kalma ta sami abin da mutum ya riga ya sani ta rataya a kai, wannan marataya kuwa tana cikin harshen da aka yi masa goyo da shi. Fatake shaida ne. Dillalin shanu a kasuwar Maigatari ran Alhamis ya kan yi ciniki da Bafillace da Bamange da Buzu, kowa da 'yan kalmominsa, amma in ya koma gefe yana lissafin riba a ransa, da harshen uwarsa ya ke yi.

Saboda haka Nana ba ta ga ƙasƙanci ba ga malama kamarta ta maimaita aiki ɗaya sau uku. Ta tsara waƙa mai baiti 30 wadda ta tattara sunayen surorin Alƙur'ani 114: da Fillanci a 1829, da Hausa a 1838, da Larabci a 1850. Mai karatu ya duba jerin nan. Larabcin, wanda zai jawo mata yabon malamai, shi ta bari ƙarshe, bayan shekara 21. Wadda ta haddace waɗannan baitoci ta sami taswirar Littafin duka a ƙirjinta, duk surar da ta ji daga baya tana da ɗakin da za ta sauke ta. Haka kuma ta mai da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fillanci zuwa Hausa a 1831, ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi. Da Bello ya rubuta littafi da Larabci a kan salihan mata, ita ta zuba shi a waƙa da Fillanci da Hausa. Mai fassara waƙa zuwa waƙa ya san wahalar: ma'ana tana ja nan, awo yana ja can, ba a yarda a saki ko ɗaya ba.

Waƙa kuma sai da mai kai ta. Nana ta zaɓi dattijan mata masu amana daga ƙauyuka, ta naɗa kowace jaji, watau jagorar ayari, kamar yadda fatake ke da madugu. Alamar naɗin malfa ce da jan rawani. Malfar nan kuwa a dā Innar Gobir, shugabar 'yan bori, ita aka sani da ita. Nana ba ta jefar da abin da idon mata ya saba da shi ba, sai ta naɗe shi da sabuwar ma'ana. Jaji ta kan taho da ayarinta na tsofaffi da 'yan mata, da sadakarsu ta hatsi da zuma da zane, su zauna gaban Nana su biya, a gyara musu, su koma gida su koya wa matan aure waɗanda ba su iya fita. Su ne ake kira 'Yan Taru. Da ɗaya daga cikin jajinta mai suna Hauwa'u ta rasu, Nana ta yi mata waƙar makoki, kamar yadda ta yi wa Bello bayan rasuwarsa a Wurno a 1837, da mijinta Giɗaɗo. Ba kowane mai ilmi ke sa sunan mace 'yar ƙauye a takarda ɗaya da na sarakuna ba.

Ta rasu a 1864 tana da shekara saba'in da 'yan kai, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Ayyukanta da suka tsira sun kai kimanin 60, da yawansu a ajami, an adana su a gidan zuriyarta, gidan Waziri Junaidu, har aka tattara su aka buga a littafi guda a 1997. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta, amin.