Curt Flood: Ɗan wasan da ya faɗi a kotu amma ya tsinke igiyar ɗaurin talala

A gidajen kallon ƙwallo na Tsanyawa da sauran garuruwan arewacin Kano, da zarar an buɗe kasuwar cinikin 'yan wasa za a ji matasa suna lissafin wanda kwantiraginsa ya ƙare, wanda zai tafi inda ya ga dama ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa ko kwabo ba. Haka Ahmed Musa ya dawo Kano Pillars a watan Afrilun 2021 bayan sun raba gari da Al-Nassr ta Saudiyya. Yau ana kallon wannan 'yanci tamkar abin da aka halicci wasanni da shi, alhali kuwa sai da aka yi shari'a, wasu suka rasa abincinsu, kafin a same shi. A ƙwallon ƙafa ana tuna Jean-Marc Bosman na Beljiyam, wanda kotun Tarayyar Turai ta ba gaskiya a watan Disambar 1995. Shekara ashirin da biyar kafin nan, wani baƙar fatar Amurka mai suna Curt Flood ya riga ya buɗe wannan fage a wasan besbol, kuma shi bai yi nasara a kotu ba.

Besbol wasa ne da ake jefo wa mutum ƙwallo da ƙarfi, ya doke ta da gora, sannan ya ruga ya zagaya sansanoni huɗu kafin abokan hamayya su cafe ta su dawo da ita. A Amurka sana'a ce ta biliyoyin daloli, kuma tun 1879 masu ƙungiyoyi suka ƙulla wata yarjejeniya a tsakaninsu. Da farko kowace ƙungiya takan keɓe 'yan wasa biyar da ba a yarda wata ta taya ba. Daga baya abin ya game kowa, ya zama sharaɗi a cikin kowane kwantiragi: idan shekara ta ƙare, ƙungiya tana da ikon sabunta kwantiragin ko da ɗan wasa bai amince ba. Ɗaurin talala ne sosai. Ɗan ƙodago a gonakin Tsanyawa, idan ya gama aikin da aka yi jinga da shi, yana iya saɓa fartanyarsa ya nufi gonar da ta fi biya. Gwanin besbol na wancan zamani ba shi da wannan dama. Ko dai ya karɓi albashin da aka yanka masa, ko ya bar sana'ar baki ɗaya, kuma ana iya sayar da shi ga wata ƙungiya yana barci.

An haifi Curtis Charles Flood ranar 18 ga Janairun 1938 a birnin Houston na jihar Texas, shi ne auta cikin 'ya'ya shida, ya kuma tashi a Oakland ta jihar Kalifoniya. A 1956 ƙungiyar Cincinnati Reds ta ɗauke shi yana ɗan shekara goma sha takwas, ta tura shi ƙananan ƙungiyoyinta na kudancin Amurka, da farko a North Carolina, sannan a Savannah ta jihar Georgia. Shekara tara ke nan da Jackie Robinson ya zama baƙar fata na farko a babbar gasar ta wannan zamani, amma a kudu dokokin wariyar launin fata suna nan daram. Yaron da ya fi kowa ƙwazo a fili ba ya cin abinci a gidan abincin da abokan wasansa ke ci, ba ya kwana a masaukinsu, kuma daga kujerun 'yan kallo ake yi masa ruwan ashar.

A watan Disambar 1957 aka sayar da shi ga St. Louis Cardinals, ba tare da an nemi jin ta bakinsa ba, kamar yadda aka saba. Nan ya yi kaka goma sha biyu yana tsaron tsakiyar filin waje, wurin da ake buƙatar gudu da idon sanin inda ƙwallo za ta sauka. Ya ci kyautar Gold Glove, wadda ake ba wanda ya fi iya tsaro a gurbinsa, sau bakwai a jere daga 1963 zuwa 1969. Akwai lokacin da ya buga wasa 226 a jere bai yi kuskuren tsaro ko ɗaya ba. Da shi Cardinals ta ci kofin World Series a 1964 da 1967. A 1968 sun sake kaiwa wasan ƙarshe, sai dai a karawa ta bakwai da Detroit Tigers ya kuskure lissafin wata ƙwallo ta wuce ta kansa, kofin ya suɓuce. Dangantakarsa da mai ƙungiyar, attajirin kamfanin giya August Busch, ta yi tsami a kan batun albashi a shekarar da ta biyo baya.

Flood dai ya riga ya saba da tsayawa a kan haƙƙinsa. A 1962 ya bi Jackie Robinson zuwa Mississippi wajen gangamin ƙungiyar NAACP mai fafutukar haƙƙin baƙar fata. A 1964, bayan cin kofi, ya kama hayar gida a garin Alamo na Kalifoniya, aka tare ƙofa da barazanar bindiga da aka gane launin fatarsa. Ya je kotu, ya samu umarni, ya shiga gidan da iyalinsa.

Ranar 7 ga Oktoban 1969 Cardinals ta haɗa shi da wasu 'yan wasa uku ta miƙa wa Philadelphia Phillies. Yana da shekara talatin da ɗaya, albashinsa dala 90,000, yana da harkokin kasuwanci a St. Louis, kuma ba shugaban ƙungiyar ne ya kira shi ya sanar da shi ba, wani ƙaramin jami'i aka sa. Phillies ta yi masa tayin dala 100,000, ya ƙi. Ya tafi wajen Marvin Miller, tsohon masanin tattalin arziki na ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan ƙarafa, wanda ke jagorantar ƙungiyar 'yan wasan besbol tun 1966. Miller bai ɓoye masa komai ba: da wuya ya ci shari'ar, ko ya ci da wuya ya ga diyya, kuma ya sa a ransa cewa ya gama cin abinci a besbol. Abin da Flood ya nemi sani shi ne ko 'yan wasan da ke fili da masu zuwa za su amfana. Da aka tabbatar masa, ya ce a shigar da ƙara. Wakilan 'yan wasa da suka taru a San Juan ta Puerto Rico suka amince baki ɗaya su ɗauki nauyin lauyoyi.

Ranar 24 ga Disamba ya rubuta wa kwamishinan besbol, Bowie Kuhn, gajeruwar wasiƙa, inda ya bayyana cewa bayan shekara goma sha biyu bai ɗauki kansa a matsayin haja da za a saya a sayar ba tare da la'akari da ra'ayinsa ba, ya kuma nemi a sanar da duk ƙungiyoyi cewa a shirye yake ya saurari tayinsu. Kuhn ya ƙi. A watan Janairun 1970 Flood ya shigar da ƙara, lauyansa kuwa Arthur Goldberg ne, tsohon alƙalin Kotun Ƙolin Amurka.

Jama'a ba su tausaya masa ba. Da ya kwatanta halinsa da bauta a wata hira ta talabijin, ya nuna cewa yawan albashi ba ya kankare wa bawa bautarsa, sai 'yan jarida da dama suka yi masa ca, suna tambayar yadda mai dala 90,000 zai kira kansa bawa. Wasiƙun barazanar kisa suka riƙa shigo masa. A zaman shari'ar da aka yi a New York, Jackie Robinson da Hank Greenberg, dukansu sun yi ritaya, sun ba da shaida a ɓangarensa. Cikin 'yan wasan da ke bugawa a lokacin, waɗanda dominsu ake shari'ar, babu ko ɗaya da ya tsaya ya ba da shaida. Tsoro ne, kuma tsoron da kansa hujja ce a kan irin ikon da masu ƙungiyoyi ke da shi.

Ginshiƙin da masu ƙungiyoyi suka jingina da shi wani hukunci ne na 1922, inda Kotun Ƙoli ta ce besbol ba kasuwanci ne da ke ƙetare iyakokin jihohi ba, don haka dokokin tarayya masu hana 'yan kasuwa haɗa baki su danne kasuwa ba su hau kansa ba. An sake jaddada hakan a 1953, ko da yake kotun ta ƙi yi wa dambe da ƙwallon Amurka irin wannan alfarma. Ranar 19 ga Yunin 1972 alƙalai biyar suka yanke hukunci a kan Flood, uku suka goyi bayansa, ciki har da Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a kotun. Alƙali Lewis Powell ya janye saboda yana da hannun jari a kamfanin da ya mallaki Cardinals. Harry Blackmun, wanda ya rubuta hukuncin, ya fara da dogon jerin sunayen gwanayen wasan kamar mai waƙar yabo, sannan ya amsa cewa keɓe besbol ɗin nan bai dace da hankali ba, amma ya ce gyaran aikin majalisa ne. Da wuya a samu hukuncin da ya fito fili ya yarda akwai kuskure kuma ya bar shi a inda yake kamar wannan.

Kafin hukuncin ya fito, Flood ya riga ya durƙushe. Bai buga wasa ba a 1970. A 1971 ya koma fili da Washington Senators, ya buga wasa goma sha uku kacal, ya ga ƙafa da ido sun daina ba shi haɗin kai, ya hau jirgi ya bar ƙasar. Ya zauna a tsibirin Majorca na Sifaniya yana gudanar da mashaya, bashi da shaye-shaye suka yi masa katutu.

Amma igiyar ta riga ta fara tsinkewa. Tun a 1970, ana tsakiyar shari'ar, masu ƙungiyoyi suka amince a riƙa kai saɓani gaban mai sasantawa mai zaman kansa. A 1973 aka amince cewa wanda ya shekara goma a babbar gasa, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya, ba za a sayar da shi ba sai da yardarsa. Da wannan doka ta kasance a 1969, da Flood bai je kotu ba. Sannan a 1975 Andy Messersmith da Dave McNally suka yi kaka guda ba su sa hannu a sabon kwantiragi ba. Ranar 23 ga Disamba mai sasantawa Peter Seitz ya yanke cewa ikon sabuntawar na shekara ɗaya ne tak, ba na har abada ba. Nan take masu ƙungiyoyi suka sallame shi, amma kotuna suka tabbatar da hukuncinsa. A 1976 aka daidaita a kan shekara shida. Miller da kansa bai so a saki kowa a kowace shekara ba, domin ya san idan kaya suka cika kasuwa farashi karyewa yake yi. Matsakaicin albashi ya tashi daga kimanin dala 51,000 a 1976 zuwa sama da 140,000 a 1980.

Tsarin da ake bi yau ciniki ne tsakanin wannan 'yanci da tsohon ɗauri. Matashi daga Amurka ko Kanada ko Puerto Rico ba ya zaɓar ƙungiyarsa ta farko, ita ke zaɓarsa, a wani zaɓen bi-da-bi da aka fara a 1965 bayan masu ƙungiyoyi sun gaji da gogayyar kuɗi a kan yara. Wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe, zakara ta zo a ƙarshe, da nufin kada mai ƙarfi ya riƙa kwashe gwanaye. Da aka ga wasu ƙungiyoyi suna sakin jiki da gangan don su samu gurbin farko, daga zaɓen 2023 sai aka koma jefa ƙuri'a a kan gurabe shida na farko tsakanin ƙungiyoyi goma sha takwas da ba su kai zagayen neman kofi ba. Zagaye ashirin ake yi. Wanda aka zaɓa yana iya ƙin sa hannu ya tafi jami'a, amma ba shi da ikon yin ciniki da wata ƙungiya.

Idan ya hau babbar gasa, kwana 172 ake lissafa masa shekara guda. Shekara uku na farko ƙungiya ce ke yanka albashi, daga nan yana iya kai batun gaban mai sasantawa, sai ya cika shida ya zama mai 'yancin kansa. Ko a nan akwai sauran zare: idan tsohuwar ƙungiyarsa ta yi masa tayin shekara ɗaya na musamman ya ƙi, ana ba ta ƙarin gurbi a zaɓen matasa, wadda ta ɗauke shi kuma a rage mata. Lissafin kwanakin ma ya zama abin wasa da hankali. A 2015 Chicago Cubs ta jinkirta hawan Kris Bryant har ya gama kaka da kwana 171, kwana ɗaya tak ya ja masa ƙarin shekara guda a hannunta. Wanda ya jure ya kai gaci kuwa, kasuwa tasa ce: a Disambar 2024 Juan Soto ya sa hannu da New York Mets a kan dala miliyan 765 na shekara goma sha biyar.

Flood bai ɗanɗani ko kaɗan daga wannan arziki ba. Ya dawo Amurka, ya yi sharhin wasannin Oakland Athletics a rediyo a 1978, daga baya ya daina shaye-shaye, ya auri 'yar fim Judy Pace a 1986. A lokacin yajin aikin 1994 ya yi wa 'yan wasa jawabi, suka miƙe tsaye suna tafa masa. A 1995 aka gano yana da kansar maƙogwaro. Ya rasu a Los Angeles ranar 20 ga Janairun 1997, kwana biyu bayan cikarsa shekara hamsin da tara.

A 1998 majalisar dokokin Amurka ta yi gyaran da Blackmun ya bar mata, ta zartar da doka mai ɗauke da sunan Curt Flood, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu. Dokar ta ba 'yan wasan babbar gasa kariya irin ta sauran ƙwararrun 'yan wasa, amma ta bar 'yan ƙananan gasanni da tsarin zaɓen matasa a waje. A watan Disambar 2019 aka zaɓi Marvin Miller cikin zauren karrama gwanayen besbol da ke Cooperstown, shekara bakwai bayan rasuwarsa. A shekarar da ta biyo baya 'yan majalisa sama da ɗari suka rubuta takarda suna neman a yi wa Flood irin wannan karramawa.