Malam Muhammadu Al-Katsinawi, gwanin lissafin da Masar ta riƙe

Jama'ar Kara-Kara da ƴan uwa na nesa, yau tarihin wani malami muka kawo muku, wanda ya rayu tun masarautar Damagaram tana jaririya. Shi ne Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Katsinawi, Bafulatanin ƙasar Katsina.

A gida ya fara karatu, sannan ya bi malamai har Barno da Bagirmi, inda ya zauna gaban Malam Muhammadu Alwali. Daga nan ya kama hanyar Makka, ya sauke farali, ya wuce birnin Alƙahira. Nan wani babban malami, Hasan Al-Jabarti, ya sauke shi a gidansa, har ma ya ɗauki karatu wajensa.

Abin da ya fito da sunansa shi ne ilimin hatimi. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake cika hatimi mai gida uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, har gaba. Ga misali: a jera 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ko a kwance ka haɗa, ko a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ka samu. Mai gida biyar-biyar kuwa 65 yake bayarwa. Ƙa'ida ce, duk wanda ya koye ta zai iya. Ya kuma yi rubutu kan nahawu da manɗiƙi, yana jan kunnen almajirai da kada su karaya don abu ya yi wuya, a dinga maimaitawa.

Allah ya yi masa rasuwa a 1741 a gidan Al-Jabarti, aka binne shi can Alƙahira.

To, mu fa? Yara da yawa suna gudun lissafi a lakwal, wai abin Nasara ne. Ga Bakatsine nan da ya koyar da shi a Masar. Kuma da lissafi ake rabon gado, ake fidda zakkar hatsi, ake gane ribar tiya a kasuwar Dole. Kamar yadda jiki yake son motsi kullum, haka ƙwaƙwalwa. Bayan cin tuwon dare, a zana hatimin nan a ƙasa, a bar yara su cike shi da kansu. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya jiƙan Malam.