Mandel, ɗan manomi mai binciken iri

An haifi Giregwar Mandel a shekarar 1822, a wani ƙauyen Turai, cikin ƙasar da ake kira Cek yanzu. Iyayensa manoma ne, talakawa. Da kuɗin makaranta ya gagara, ƙanwarsa ta ba shi daga dukiyar aurenta, ya ci gaba da karatu. Daga baya ya zama fada a birnin Burno. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar malanta, amma bai karaya ba.

Daga 1856 zuwa 1863, ya yi ta shuka waken Turai a lambu. Ya barbara dogo da gajere, ƴaƴan suka fito dogaye duka. Da ya shuka irinsu, sai gajere ya sake ɓullowa, ɗaya cikin huɗu. Nan ya gane gado ba ya ɓacewa, ɓuya yake yi cikin ƙwaya.

Ya buga bincikensa a 1866, ba wanda ya kula. Ya rasu a 1884. Sai a 1900 masana suka gane gaskiyarsa.

Abin da ke ɗauke da gadon nan sunansa DNA. Kamar rubutu yake, mai haruffa huɗu: A, C, G, T. Yau masana suna yanka shi guntu-guntu. Na'ura ta karanta miliyoyin guntaye gaba ɗaya, kowane harafi da launin haskensa, kwamfuta ta jera su. A 2017 aka karanta na hatsi.

Manomin Cake mai ware manyan zangarnu don iri, da gadon nan yake aiki.