Mista Bernard Fagg da Gatarin Aradu

A ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Ɗambatta zuwa Bichi, inda gona ke haɗe da gona har babu wurin da fartanya ba ta taɓa ba, manomi yakan tono wani ɗan dutse mai santsi, baki guda da kaifi, ɗayan kuwa a dunƙule. Mu kan ce da shi gatarin aradu, wai tsawa ce ta jefo shi. Ina yaro na tsinci ɗaya muna huɗa, kakata ta karɓe ta jefa cikin tsohuwar tukunya, ta hana ni taɓawa. Sai da na zo makaranta na gane hannun mutum ne ya wasa shi, tun zamanin da ba a san ƙarfe ba. To, wannan dutse shi ya sa na ɗauki alƙalami in ba 'yan'uwana labarin wani Bature wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin irin waɗannan abubuwa a ƙasar nan.

An haifi Bernard Fagg a Landan cikin 1915. Ya yi karatu a Kambirij, inda ya koyi ilmin binciken kayan mutanen da. Cikin 1939 ya zo Nijeriya, ba don tono ba, sai don aikin mulki, aka tura shi Jos. Bai daɗe ba yaƙin Hitila ya tashi, ya tafi gabashin Afirka tare da sojan ƙasashen nan, can ya auri matarsa Mary. A shekarun nan ne Louis Leakey da matarsa su ke tono gaturan dutse a Kenya, suna neman sawun mutanen farko. Da Fagg ya komo Jos sai ya tarad da irin wannan aiki na jiransa a ƙofar gida.

Ga dalili. Masu haƙar kuza a kan dutsen Jos su kan yi rami mai zurfi ƙwarai, su wanke tsakuwar da tsofaffin koguna suka binne. A cikin tsakuwar nan, a wurare kamar Mai Idon Toro, a kan sami wani irin gatari wanda ya girmi na kakata nesa ba kusa ba. Shi ba a wasa shi ba, sassaƙa shi aka yi da wani dutse, ya fito kamar ganyen kuka babba, ya cika tafin hannu. Irinsa ne a ke samu a Kenya da Tanzaniya, inda masana suka auna suka ce an fara yinsa fiye da shekara miliyan ɗaya da rabi da suka wuce, masu yinsa kuwa suna tafiya da ƙafa biyu kamarmu, amma ƙoƙon kansu bai kai namu girma ba. Na san maganar nan takan ta da gardama a ɗakin kwananmu, ni ma na sha yinta da malamin da ya sauke ni. Asalin ɗan Adam dai na bar wa malamai. Amma wanda duk ya riƙe dutsen nan ya juya shi, ya ga yadda aka bi gefe da gefe ana ɓantara, ba zai ce ruwa ne ya yi shi ba.

Abin da ya ɗaukaka sunan Fagg kuwa wani ne dabam. Tun 1928 aka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a ramin kuza kusa da ƙauyen Nok, aka kai Jos aka ajiye, ba wanda ya kula. Wajen 1943 kuma wani ma'aikacin kuza a ƙasar Jama'a ya sami kan mutum na yumɓu, kyakkyawan gini, da idanu hudajju da kitso. Bawan Allah ya ga ya dace da gonarsa, ya kafa shi a kan mutum-mutumi cikin doya, ya shekara yana tsaron amfanin gona. Kada mu yi masa dariya, ko mu ne abin da za mu yi ke nan. Daga baya Baturen ma'aikatar ya gani, ya kai wa Fagg. Shi kuwa da ya ɗora ido a kai sai ya tuna da na Nok, ya jera su, ya ga lalle gini ɗaya ne, na al'umma ɗaya wadda babu littafi ko mawaƙin da ya san da ita.

A nan ne, a ganina, hankalin mutumin ya bayyana. Ya san shi kaɗai ba zai iya tone ƙasa ba, leburori dubbai ne ke cikin ramuka kullum, abin da duk ya fito a hannunsu zai fito. Saboda haka ya dinga bin ma'aikatun kuza, yana nuna wa leburori da shugabanninsu kamannin abin, yana roƙo kada a fasa, kada a yar, a kuma lura da wurin da aka same shi da zurfinsa. Kafin 'yan shekaru an tara masu yawa: kawunan mutane, da gwaggon biri, da giwa, tare da gaturan dutse wasassu irin namu na aradu. Ya sa wa al'ummar sunan Nok. Cikin 1944 ya tona wani kogo a Rop, ya sami 'yan ƙananan kayan aiki na dutse da tsingaro. Cikin 1947 aka raba shi da aikin mulki ya koma ma'aikatar kayan tarihi ɗungum, ya gina gidan ajiye su a Jos, aka buɗe a 1952, don kada a kwashe kome zuwa Turai. A 1957 ya gaji Kenneth Murray, ya zama shugaban ma'aikatar duka.

Mu Kanawa ma ya taka ƙasarmu. Cikin 1955 ya yi aiki a duwatsun Birnin Kudu, wanda a lokacin yana cikin Lardin Kano, yau kuwa yana Jihar Jigawa. A jikin duwatsun akwai zanen shanu da mutanen da suka yi, shanu marasa tozo, waɗansu da dogayen ƙahoni, irin da ba ka gani a garken Fulani yanzu. Kusa da zanen ya lura da waɗansu duwatsu masu ƙara kamar kuge in an buga, jikinsu duk ya lotsa don yawan kiɗa. Yaran garin sun san su tun fil azal, shi dai ya tambaya ne, ya rubuta.

Daga baya ya tona Taruga, kusa da Abuja, ya sami matoyar narka tama tare da gumakan Nok, aka auna aka ga sun kai ƙarni 4 ko fiye kafin haihuwar Annabi Isa. Watau mutanen nan maƙera ne. Masanan Jamus da suka ci gaba da aikin tun 2005 sun nuna al'ummar ta faro wajen shekara 1500 kafin Annabi Isa, abincinta kuwa gero da wake, abin da mu ke shukawa a Ɗambatta har gobe. Abin baƙin ciki, da sunan Nok ya yi tashe sai masu neman kuɗi suka faɗa wa wuraren da dare, suka tone, suka sayar ƙetare. Gunki in an raba shi da raminsa ya zama bebe, ba ya iya faɗin shekarunsa.

A 1963 aka ba Fagg riƙon gidan tarihi na Pitt Rivers a Okusfod. Ciwon shanyewar jiki ya same shi can, ya ajiye aiki a 1975, amma ya daure ya fid da littafinsa a kan gumakan Nok a 1977. Ya mutu cikin Agusta 1987. A shekarar nan ce wani Bafillace makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin ƙasar Yobe, ya ci karo da wani katako mai tauri. Bai sare shi ba, ya kai labari. Da aka tono sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, ya shekara wajen 8,000 a binne.