John Rolfe (1585–1622): Manomin Taba na Jamestown da Makomar Zuri'arsa

Gabatarwa

Cikin Turawan Ingila da suka fara kafa zama a Amurka ta Arewa, John Rolfe bai riƙe sarauta ba, bai kuma jagoranci yaƙi ba. Duk da haka, abubuwa uku da suka tsara makomar yankin Bajiniya sun bi ta hannunsa: noman taba don kasuwa, aure tsakanin baƙi da 'yan ƙasa, da rubutacciyar shaidar saukar 'yan Afirka a shekarar 1619. Tarihin iyalinsa yana nuna yadda salsala ta zama abin alfahari ga wasu, alhali doka ta haramta wa sauran jama'a irin auren da ya haifar da ita.

Asali da Tafiya

Masu bin salsala suna danganta haihuwar Rolfe da garin Heacham na lardin Norfolk a shekarar 1585. A 1609 shi da matarsa ta fari suka shiga jirgin ruwa mai suna Sea Venture, wanda Kamfanin Bajiniya na Landan ya tura da mutane da guzuri zuwa Jamestown, sansanin da aka kafa a 1607. Guguwa ta rutsa da su a teku, jirgin ya fashe a gaɓar tsibiran Bermuda a watan Yuli. Mutanen ciki suka tsira, suka yi wajen wata goma a can suna sassaƙa ƙananan jirage biyu daga itacen tsibirin da ɓaraguzan jirgin nasu. A wannan zama aka haifa wa Rolfe 'ya mace, aka raɗa mata suna Bermuda, amma ba ta yi rai ba. Uwar ma ba ta daɗe ba ta bi ta.

A watan Mayu na 1610 suka isa Jamestown, suka tarar yunwa ta yi wa sansanin kaca-kaca, mutum kimanin 60 kaɗai suka rage. Kamfanin ya zuba dukiya da fatan samun zinariya, bai kuwa samu ba.

Taba da Ƙasa

'Yan ƙasar suna da tabarsu, amma tana da kaifi, ba ta yi wa masu sha a Ingila daɗi ba. Wadda ake so ita ce ta yankunan da Sifaniya ke mulka. A 1612 Rolfe ya gwada shuka irin wannan taba mai laushi a bakin kogin James, ta kuwa karɓi ƙasar. Zuwa 1617 an yi jigilar kimanin laba 20,000 zuwa Ingila, duk da cewa Sarki James na Ɗaya ya rubuta maƙala yana kushe shan taba tun 1604.

Wannan nasara ta zo da nata sharuɗɗa. Taba tana cinye ƙarfin gona cikin 'yan shekaru, don haka kullum manomi yana neman sabon fili. Tana kuma buƙatar hannaye masu yawa, daga renon iri da dashe zuwa yanka da shanya. Daga 1618 aka tsara ba da eka 50 ga duk wanda ya biya wa mutum ɗaya kuɗin jirgi. Filin da ake rabawa na al'ummar Powhatan ne. Hannayen kuwa da farko na barorin yarjejeniya ne daga Ingila, daga baya suka zama na bayi.

Aure da Pocahontas

A 1613 Kyaftin Samuel Argall ya yi dabara ya kama Pocahontas, 'yar Wahunsenacawh, babban sarkin Powhatan, ya yi garkuwa da ita don a sako Turawan da ke hannun mahaifinta. A tsare aka koya mata addinin Kirista, aka yi mata baftisma da sunan Rebecca. Rolfe ya rubuta wa Gwamna Thomas Dale doguwar wasiƙa yana neman izinin aurenta, inda ya kafa hujja da amfanin sansanin da ceton ranta, ya kuma bayyana fargabarsa game da auren baƙuwar al'umma. An ɗaura auren a watan Afrilu na 1614, aka samu 'yan shekaru na lafawar yaƙi. A 1615 ta haifi ɗa namiji, Thomas.

Abin da aka rubuta game da auren daga bakin Turawa ya fito. Ita amaryar ba ta bar rubutu ba, kuma tarihin baka na al'ummar Mattaponi yana kallon lamarin a matsayin tilas da aka yi wa wadda ke tsare.

A 1616 kamfanin ya kai ma'auratan Landan domin jawo masu zuba jari. An gabatar da ita a fada a matsayin gimbiya. A watan Maris na 1617, suna shirin komawa, ciwo ya kama ta, ta rasu a Gravesend, aka binne ta a can. Thomas ma ba shi da lafiya, sai uban ya bar shi a Plymouth, daga bisani riƙonsa ya koma hannun baffansa Henry Rolfe. Uba da ɗa ba su sake haɗuwa ba.

Shekarun Ƙarshe

Da ya koma Bajiniya, Rolfe ya riƙe muƙamin magatakarda, ya kuma zama ɗan majalisar gwamna. A wasiƙarsa zuwa ga Edwin Sandys, ma'ajin kamfanin, ya ba da labarin jirgin da ya sauke 'yan Afirka ashirin da 'yan kai a Point Comfort a ƙarshen Agusta na 1619, aka yi musayarsu da abinci. An kamo su ne daga yankin Angola, aka kuma ƙwace su a teku daga wani jirgin bayi na Fotugal.

Matarsa ta uku ita ce Jane, 'yar Kyaftin William Pierce, wadda ta haifa masa Elizabeth. Ƙidayar 1625 ta nuna wata 'yar Afirka mai suna Angela a gidan wannan suruki nasa. Jirgin da ya kawo ta, Treasurer, shi ne wanda aka tsare Pocahontas a cikinsa, shi ne kuma ya kai ta Ingila.

Rolfe ya yi wasiyya a watan Maris na 1622, ya rasu a wannan shekara. Ranar 22 ga watan, Opechancanough, wanda ragamar Powhatan ta koma hannunsa bayan rasuwar Wahunsenacawh a 1618, ya kai hari kan gonakin da suka bazu a bakin kogi, aka kashe Turawa 347. Yaɗuwar gonakin taba ta rushe zaman lafiyar da aure ya ƙulla.

Zuri'a da Doka

Thomas ya dawo Bajiniya wajen 1635, ya gaji filaye. A 1641 sai da ya nemi izinin gwamna kafin ya ziyarci dangin mahaifiyarsa, a 1646 kuma aka damƙa masa tsaron wani sansani da aka gina domin yaƙar su. 'Yarsa Jane ta auri Robert Bolling a 1675, ta haifi John Bolling a 1676. Ta wannan ɗa guda zuri'ar ta yaɗu cikin manyan gidajen Bajiniya. Cikin jikokin akwai ɗan majalisa John Randolph na Roanoke da Edith Bolling, matar Shugaba Woodrow Wilson.

A 1691 Bajiniya ta haramta aure tsakanin farar fata da baƙar fata ko 'yan asalin ƙasa. A 1924 aka yi dokar da ta ce farar fata shi ne wanda ba shi da ɗigon jinin wani jinsi. Da hakan ya tabbata yadda yake, da manyan gidajen da ke tinƙaho da Pocahontas sun faɗa cikin tarkon, sai aka keɓe wanda jinin 'yan asalin ƙasa a jikinsa bai wuce ɗaya bisa 16 ba. Su kuwa al'ummomin da ta fito daga cikinsu, hukuma ta riƙa goge sunan asalinsu daga takardun haihuwa. Haramcin auren bai faɗi ba sai a 1967, da hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Loving.

Kammalawa

An fi tunawa da Rolfe a matsayin mijin Pocahontas, amma gadonsa mafi nauyi gona ce. Taba ta raya Jamestown, ta kori Powhatan daga ƙasarsu, ta kuma buɗe ƙofar bauta. Salsalar da zuriyarsa suka adana ta kare matsayinsu a gaban doka, ba ta kare dangin kakarsu ba.